Idon da Ke Bangon Kawu Bala

Tun da na dawo daga Ibadan ban huta ba. A asibiti abokan aiki su tare ni, a gidan suna a tare ni, har mai kawo mana alayyahu sai da ta tambaye ni ko da gaske ne can ba a miya sai an juye barkono gwangwani guda. To ga shi na zauna na rubuta muku gaba ɗaya. Duk wadda ta sake tambayata, wannan zan miƙa mata ta karanta da kanta, bakina ya gaji.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Kakana na wajen uwa, Alhaji Mudi, falken goro ne, shi ya gina gida a unguwar Sabo ta Ibadan. 'Ya'yansa huɗu, biyu sun rasu, saura Innata da autansu Kawu Bala, wanda ke zaune a gidan yana gyaran rediyo da agogo. Inna ta ba shi kusan shekara ashirin. Tana ɗakin aurenta a nan Kontagora aka haife shi, kuma bai fi shekara huɗu ba mahaifinsu ya rasu. Kowa a dangi ya san halin Kawu. Babu abin da ke faruwa a duniya haka kawai a wurinsa. In an yi ruwa da yawa, wasu ne suka turo shi. In ba a yi ba, su ne suka riƙe.

Wata Lahadi ya kira Inna. Da yake kunnenta ya yi nauyi, a buɗe take sa wayar, duk gidan muna ji.

"Yaya, gidan nan sayar da shi zan yi. Mai saye zai zo ranar Asabar, zan aiko miki da kasonki."

"Gidan Baba? Saboda me, Bala?"

"Ba maganar waya ba ce. Suna ji."

"Su wa?"

"Su," in ji shi, ya kashe.

Inna ta ajiye wayar. Gwiwoyinta ba za su kai ta tasha ba ma, balle Ibadan. Ta ce, "Mairo, ke za ki je ki gano min abin da ya shiga kan yaron nan. Gidan ubana ba zai koma shaguna ina numfashi ba. In kuma Iya Sikira tana raye, ki sayo min goro a hannunta. Tun ina budurwa ita ke kawo wa Baba kaya." Yaron da take faɗa, furfura ta cinye masa gemu. Na ɗauki hutun kwana biyar, na haɗa jaka.

Ranar Laraba bayan asuba motarmu ta tashi. Allah ya haɗa ni kujera da wani Alhaji Isiya, mai kai albasa kasuwar Shasha ta Ibadan. Manyan buhunansa sun yi gaba a tirela, amma ya riƙe ƙaramin buhu ɗaya na samfur, ya cusa shi ƙarƙashin ƙafafuna. Kafin mu yi awa guda mayafina da jakata duk sun zama albasa. Da muka faɗa wani rami har kaina ya daki rufin mota, sai ya juyo ya ce, "Hajiya, kin ɗauka ramin nan ruwa ne ya yi shi? Barinsa aka yi. Ana so albasarmu ta ruɓe a hanya a shigo da ta waje." Na ce a raina, Mairo, ga ɗanɗanon abin da za ki tarar.

Kusa da Mokwa taya ta fashe. Muka zube ƙarƙashin wani mangwaro, direba na fama da jak, Alhaji Isiya na bayyana wa fasinjoji cewa tayoyin yanzu da ranar mutuwarsu ake ƙera su. Wani ya ce ai tayar ta suɗe ne har waya ta fito. Alhaji ya ce to wa ya suɗe ta? Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ciro goro ya raba mana.

A gadar Jebba babu mai tambayarka takarda, amma kowa a motar ya san an ƙetare. Direba da kansa ya cire waƙar Hausa ya sa ta Yarabanci, masu talla suka daina ce min Hajiya suka koma Alhaja. Na sayi busasshen kifi don tsarabar Kawu, na haɗa shi da warin albasa, na zama abin tausayi. A Ilori muka tsaya cin abinci. Nan na fara haɗuwa da amala, tuwon garin doya baƙi mai santsi, da miyar ganye mai yauƙi irin ta lalo. Na ce wa mai abincin ta sa min yaji kaɗan. Ta yi murmushi ta ce to. Loma uku na yi na fara hawaye, na shanye ruwan leda biyu, amma wallahi sai da na suɗe kwanon.

Rana ta yi sanyi muka shiga Ibadan. Garin ba ya ƙarewa, hawa da gangara, rufin kwano duk ya yi tsatsa. Ƙananan tasi ne da su, mutum biyu a kujerar gaba, na zauna rabin jikina a kan giya har shataletalen Mokola. Ina karya kwana na shiga Sabo sai na ji kamar an dawo da ni gida: ƙamshin tsire, masu canji a kan benci, kiran sallar magariba, ana ta "sannu da zuwa".

Matar Kawu, Anti Rabi, ita ta fito ta rungume ni. Haifaffiyar Sabo ce, kuma a jimla ɗaya sai ta bi ta harshe uku.

"Mairo! Eka'abo, sannu da hanya! Oya shigo, abeg ajiye jakar nan. Ah ah, wetin be dis, albasa kika yi wanka da ita?"

Ban gama dariya ba Kawu ya fito daga ɗakinsa, dogo siriri, tabarau a goshi, ya miƙo min wata tsohuwar tukunyar ƙarfe.

"Kawu, ina wuni?"

"Lafiya lau, 'yata. Sa wayarki a nan."

Na leƙa, ga tasa, ga ta Anti. Na saka tawa ya rufe da murfi, ya kai bayan randa. Sannan ya saki fuska ya tambayi Inna, ya tambayi yara, ya tambaye ni ko har yanzu ina yi wa mutane allurar da ban san abin da ke cikinta ba. Na ce har yanzu, Kawu. Ya girgiza kai, ya sa aka kawo min tuwon shinkafa da miyar agushi. Aka ba ni ɗakin da Inna ta yi 'yan matancinta, na yi barci kamar an doke ni.

Da safe na zauna a shagonsa da ke jikin zaure, ina shan koko da ƙosai. Rediyo uku ke magana lokaci guda, kowace da tasharta. Ya ce haka ake kama su, abin da wannan ta ɓoye waccan za ta yi suɓul da baka. Abokansa biyu suka zo aka buɗe majalisa. A zaman nan na ji cewa farin layin da jirgin sama ke bari a sararin sama shi ke juya damina. Na ji cewa Turawa ba don gyaɗa da goro suka shimfiɗa titin jirgin ƙasa ba, wata jijiyar zinariya suka bi a ƙarƙashin ƙasa. Na ji cewa ba banza aka ajiye Hausawa a daidai wannan gangaren ba, in ka ja layi daga tsaunukan garin a nan suke haɗuwa. Na ce, "Kawu, wa ya ja layin?" Ya ce shi, da rula. Gaskiya na ji daɗin zaman. Kawu ya iya labari, in yana magana har ka fara jin kunyar rashin yarda da shi.

Da abokan suka tafi sai fuskarsa ta canza. Ya tura ƙofar zaure, ya ce in rantse ba zan ɗauki hoto ba. Na rantse. A jikin bangon zaure, gefen ƙofar waje, an kafa wata tabarma da ƙusa. Ya ɗage ta.

Ruwan bana ne ya ɓamɓare fenti da sumunti, tsohon bango ya fito. A jiki an zana wani abu da shuɗin fenti mai duhu: layi uku sun haɗu sun yi kusurwa uku, a tsakiyarsu da'ira, cikin da'irar an ja ɗan layi a kwance. Ido ne sak.

Kawu ya ciro wata takarda daga aljihu, hoton bayan dalar Amurka da ya sa aka buga masa. Ga wani gini mai kusurwa uku a jikin kuɗin, ga ido a samansa.

"Kin gani? Tambarin ƙungiyar asirin da ke juya duniya ke nan. Shekara talatin ina gaya wa mutanen Sabo su yi hattara da su. Ashe a bangon ubana suke." Ya ninke takardar. "Mairo, ban san Baba ba. Ban riƙe ko fuskarsa ba. Kullum ana ce min mutumin kirki ne, mai sallah, mai kyauta. To da me ya gina gidan nan? Mai saye zai rushe zauren, shi ke nan babu wanda zai gani. Gara a rasa gida da a rasa sunansa."

Na zo da shirin yi masa dariya, sai ga shi tausayinsa ya kama ni. Kuma in faɗa muku gaskiya, ni ma zanen ya ba ni tsoro. Na ce ko yara ne suka zana. Ya ce wane yaro ne ke zane a ƙarƙashin sumunti? Wunin ranar na yi ta lallashi, ya ƙi. Na yi niyyar ciro wayata in kira Inna, sai na tuna a buɗe take sa ta, gida duk a ji ana cewa mahaifinta ɗan ƙungiyar asiri ne. Na fasa.

Safiyar Juma'a abin na ta cina. Hoto na rantse ba zan ɗauka ba, ban rantse a kan biro ba. Na zana tambarin a tafin hannuna na dama don kada in manta yadda yake in na koma wurin Inna. Sannan na ce wa Anti Rabi ta raka ni sayen goro, ko saƙo ɗaya dai in cika.

Kasuwar Bodija ta fi ƙarfin bayanina. Doya tuli tuli, masu dako na ihu a ba su hanya, taɓo har idon sawu, takalmina ɗaya ya maƙale sai da Anti ta zaro min shi. Abin da ya burge ni gaisuwarsu. Mu in mun ce ina kwana, ina gajiya, ya gida, mun gama. Su kuwa akwai gaisuwar zama, akwai ta tsayuwa, akwai ta ciniki, akwai ta wanda bai yi ciniki ba. Mace kuma gwiwa biyu take kaiwa ƙasa gaban babba, ko da a cikin taɓo ne. Anti ta ce in mun isa kada in ba ta kunya.

Iya Sikira na nan da ranta. 'Yar tsohuwa ƙarama, ta haura tamanin, tana zaune a bayan kwandunan goro da aka lulluɓe da ganye, jikokinta ne ke ciniki ita tana sa ido. Na durƙusa gwiwa biyu, zanena ya sha taɓo. Anti ta yi mata bayani da Yarabanci. Tsohuwa ta daki ƙirji ta juya zuwa Hausa, irin ta wanda ya koya a bakin fatake.

"Jikar Alaji Mudi! 'Yar Hawa ce? Hawa tana nan? Alihamdu! Zo, zo, karɓi goro."

Na miƙa hannu biyu kamar yadda Anti ta koya min. Ba ta saka goron ba. Ta cafke hannuna na dama ta kai shi kusa da idonta.

"Wa ya ba ki lamban Alaji?"

"Lamba, Iya?"

"Lamban goro! Na kakanki!"

Ta yi dariya har tana tari. Da ta lafa ta ba mu labari, Anti na cike min inda Hausar ta ƙare. A zamaninsu masu ɗaure huhun goro da masu dako da direbobin manyan motoci ba su iya karatu ba. Don haka kowane falke da lambarsa. Wani kan sa ƙafar kaza, wani tsani, wani jinjirin wata. Da shuni ake zana ta a jikin huhu, a kuma zana irinta a ƙofar gidan mai kayan. Ɗan dako ba ya tambaya, ya duba huhu, ya duba bango, ya sauke.

Na ce to Iya, me ya sa Kaka ya zaɓi ido?

"Wane ido? Layi uku ne, yara uku. Hawa, Sale, Amadu. Haka lamban yake shekara da shekaru, ciki babu komai. Sai Alaji ya tsufa, ya ce haihuwa ta ƙare. Sai ga Bala! Ranar suna ni na kawo goro kwando biyu. Da idona na gani, Alaji ya ɗauki fenti ya je bango, ya sa ƙwayar goro ɗaya a tsakiya, har da tsagarta. Ya ce wannan ƙarami ne, manya uku su kewaye shi kada ya faɗi."

Ni da Anti muka kalli juna. Ita ta fara kuka, ni na fara dariya, daga baya muka yi musanya. Na ce Iya, don Allah ki zo ki faɗa masa da bakinki, ni ba zai yarda da ni ba, ni mai allura ce. Ta aika aka ɗauko mata wani tsohon tsumman buhu daga ƙasan akwatinta, ta ɗaura gwaggwaro, muka sa ta a tasi, ita kaɗai a kujerar gaba.

An sauko daga Juma'a muka isa. Kawu ya ga tsohuwa ya rusuna ya gaishe ta da Yarabanci, ya miƙo tukunya. Ta ce ba ta da waya, ta ture tukunyar, ta wuce kai tsaye ta fizge tabarmar da sandarta. Kawu ya yi tsalle zai rufe ƙofa. Ta shimfiɗa tsumman buhun a jikin bango. Shunin ya koɗe, amma ga layi uku, ga da'ira, ga tsaga. Ta maimaita masa duk abin da ta gaya mana. Da ta zo ƙarshe ta ɗora bakin sandarta a kan da'irar, sannan ta ɗora shi a ƙirjinsa.

"Wannan kai ne, Bala. Kanka kake tsoro."

Kawu ya cire tabarau. Sannan ya matsa ya sa yatsa a kan da'irar yana bin ta a hankali. Ya ce, "Da hannunsa ya yi?" Iya ta ce da hannunsa, har fenti ya ɓata masa babbar rigar suna, uwar Kawu ta yi ta faɗa. Sai Kawu ya zauna a dakali ya rufe fuska da hularsa. Mu duka muka bar shi. Ban taɓa jin daɗin ganin babba yana kuka ba sai ranar.

Ranar Asabar mai saye ya zo da ma'auninsa. Kawu ya ba shi kujera, ya ba shi lemo, ya ba shi haƙuri, ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo ya sayo shuɗin fenti ya bi zanen ya sabunta shi, ya ɗauki tabarmar ya ba Anti ta shanya kuɓewa. Kafin la'asar rabin Sabo sun zo kallo, tsofaffi na ta tuno lambobin iyayensu, wani na zana tsani a ƙasa da sanda. Anti ta dafa dafa-duka tukunya guda aka ci a zaure.

Kada ku ɗauka Kawu ya warke. Da majalisa ta cika sai ya ciro hoton dalar nan ya ɗaga.

"Jama'a, ku duba da kyau. Huhun Baba har Ikko yake zuwa, bakin teku, inda jiragen ruwansu ke tsayawa. Yanzu ku gaya min, wa ya kwaikwayi wani?"

Na ce, "Kawu, ai kuɗinsu ya girmi Kaka."

Ya ce, "Haka suka ce miki."

Na bar shi. Wannan zargin ba ya rushe gidan kowa.

Lahadi na kamo hanya. Iya Sikira ta haɗa wa Inna ɗan ƙaramin huhu, goro fari da ja, ta ƙi karɓar ko sisi. Kawu ya zana lambar a jiki da ragowar fentinsa. Ya ciro min wayata daga tukunya, ya goge ta da rigarsa, ya ce in na isa in kira shi amma kada in ambaci Amurka. Dawowar ba ta da labari, sai dai a Ilori na sake cin amala, wannan karon ruwan leda ɗaya ya ishe ni.

Na sami Inna a tsakar gida kan tabarma. Na ajiye huhun a gabanta. Ta juya shi, ta ga lambar. Ta ce ranar da irin wannan ya fara zuwa mata tana amarya, babu wasiƙa, babu ɗan aike, direba ne kawai ya sauke a ƙofar gida. Ta duba ta ga an ƙara ƙwaya a tsakiya, nan take ta san an yi mata ƙane, ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo.

Na ba ta labari tun daga tukunya har zuwa dala. Ta yi dariya har ta riƙe gwiwa, sannan ta goge ido da bakin zane ta ce in kira mata shi. Ya ɗauka, wayar a buɗe kamar kullum.

"Yaya, a yi a hankali, suna ji."

"Su ji mana," in ji Inna. "Layi biyu sun tafi, Bala, amma ɗaya na nan. Ba za ka faɗi ba."